Otomatik ko Manuwal: Wacce Zan Ɗauka Don Hanyar Yashi da Taɓo?

Abu_Khadija: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san mota a daji, ba a kwalta ba. A Gashuwa nake zaune, amma gonata da 'yan dabbobina suna arewa da Yusufari. Daga inda kwalta ta ƙare har zuwa gonar yashi ne tsantsa, tafiyar awa ɗaya da rabi idan ba a kafe ba. Da damina kuma akwai wata fadama da sai an ratsa ta, taɓo har gwiwa. Na ga Hilux Vigo guda biyu wajen wani dillali a Kano, dukansu masu ogzilari (giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja), dukansu injin fetur 2.7. Ɗaya manuwal ce mai giya biyar, ɗaya otomatik mai giya huɗu, kuma bambancin kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Shekara goma sha biyu manuwal nake ja, sai dai yanzu gwiwar hagu ta fara damuna, uwargida kuma otomatik kaɗai ta iya. Makanikena ya ce otomatik ba motar daji ba ce, dillali ya ce wannan maganar mutanen da ce. Wacce zan ɗauka?

SarkinTasha_Nguru: Wa alaikumus salam. Manuwal, Alhaji. Kar ma ka tsaya dogon tunani. Idan kulocinka ya ƙone, ko a Yusufari za ka samu yaron da zai sauke giyabos ya canza maka faranti kafin la'asar. Idan otomatik ta buga, sai janwe ya kai ta Kano.

UmmuSudais: Wa alaikumus salam. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne maganar uwargida. Gida yana gari, kai kana gona ko ka yi tafiya, yaro ya tashi da zazzaɓi tsakar dare, ga mota a tsakar gida amma ba mai iya jan ta. Wannan ma lissafi ne, a sa shi cikin ma'auni.

Injiniya_Sambo: Bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake aiki, don mu daina cewa "ba motar daji ba ce" ba tare da dalili ba. A manuwal, farantin kuloc ne ke haɗa inji da giya, kai tsaye. Duk lokacin da ka taka kuloc za ka canza giya, ƙarfin inji ya yanke daga taya na ɗan lokaci. A kan kwalta ba ka ji, domin mota na gangarawa da kanta. A cikin yashi mai laushi kuwa, wannan daƙiƙa ɗaya ta isa ta tsayar da kai cak, saboda yashi birki ne da kansa. Kana sakin kuloc sai taya ta fara haƙa rami.

A otomatik babu farantin nan tsakanin inji da giya. Wata tukunya ce cike da mai, tok-kombata, fanka ɗaya na watsa mai tana juya ɗayar. Shi ya sa take tashi a hankali ba fizga, kuma tana canza giya ba tare da ta saki taya ba. A lokacin tashi ma tana ninka ƙarfin inji kusan sau biyu. Don haka a yashi otomatik ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Matsalarta ɗaya ce: zafi. Man nan da yake ta juyawa yana zamewa yana ɗaukar zafi, idan kuma ya wuce ƙima ya ƙone, shi ke nan sai ya cinye farantan da ke cikin giyar.

SarkinTasha_Nguru: To Injiniya ai ka faɗa da bakinka. Zafi. Ka san zafin Yusufari a watan Afrilu kuwa?

Injiniya_Sambo: Na sani Sarki, amma akwai magani. Wanda ya shiga yashi mai zurfi da H4, wato ogzilarin gudu, yana ta danna totur shi ne ke dafa giyarsa. Ka tsaya, ka sa N, ka ja ƙaramar sandar ogzilari zuwa L4, wato ogzilarin ƙarfi, sai ƙarfin ya ninku kusan sau biyu da rabi, tok-kombata ta daina wahala. Sannan a ɗaura ƙaramin lagireto na man giya a gaban babban. Ba shi da tsada idan aka kwatanta da giyabos.

Shofer_Agadas: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ni shekara goma sha tara ke nan ina bisa hanyar Agadas zuwa Dirku da Bilma. Lokacin da zinariya ta fito a Jado a 2014, ruwa da abinci na riƙa kai wa masu haƙa. Gaskiya ita ce, cikin hamadar Tenere da wuya ka ga kat-kat (mota mai ogzilari) ta aiki mai otomatik. Land Cruiser 79 mai injin 1HZ, lita 4.2 na gazuwal (dizal), da Hilux, duka bitas ɗin hannu, wato manuwal. Amma dalilinmu ba wai otomatik ba ta iya rairayi ba ne. Na taɓa jan Land Cruiser V8 otomatik ta wasu baƙi zuwa Bilma, wallahi bisa tudun rairayi kamar kwale-kwale take tafiya, ban taɓa jin daɗin tuƙi irin na ranar ba. Dalilinmu shi ne, in mota ta lalace maka kwana biyu daga rijiya mafi kusa, ba maganar kuɗin gyara ake ba, maganar rai ake. Ina tafiya da faranti guda na ambireyaj (kuloc) ƙarƙashin kujera. Ni da yaron mota mun taɓa canza shi a fili, muka haƙa rami ƙarƙashin motar, muka sauke buwat (giyabos) da igiya da jak, daga hantsi har magariba. Wace otomatik za ka buɗe cikin iska mai rairayi?

To amma kai Alhaji, tafiyarka awa ɗaya da rabi ce, akwai ƙauyuka, akwai sabis na waya. Hanyarka daban, tamu daban.

Abu_Khadija: Na gode Malam Shofer, Allah ya tsare hanya. Maganarka ta shige ni. Sabis yana ɗaukewa a wasu wuraren, amma ba a yin rabin awa ba ka ga ruga ko mai amalanke ba.

Dan_Kofar_Ruwa: Ni kayan mota nake sayarwa, bari in faɗi abin da nake gani a shago. Giyar otomatik mai giya huɗu da ke cikin Vigo tsohuwar ƙira ce, dangin A340, wadda Toyota ta daɗe tana sakawa a motocinta. Tana da jimiri ƙwarai, kuma 'yar Baljiyam ɗinta ba ta wuyar samu a Kano. Yawancin waɗanda suke zuwa neman giyabos, in ka bincika, ba daji ne ya kashe musu ba, mai ne. Ko dai ba a taɓa canza shi ba tun da motar ta shigo daga Kwatano, ko kuma an zuba jabu, ko an zuba wanda ba nata ba. Ka duba jikin ma'aunin man giyar, galibi a rubuce yake irin wanda take sha.

Bello_Mai_Shinkafa: Wannan magana ta jabu ta same ni. Prado ɗina otomatik ce, ina shiga da ita gonakin shinkafa a wajen Auyo. Na sayi man giya a wani shago, galan mai kyau da hatimi, aka zuba. Wata biyu ba a yi ba ta fara jinkirin ɗaukar giya da safe, in na sa D sai na ƙirga biyar kafin ta shiga. Da aka zare ma'auni, man ya koma baƙi yana warin ƙauri kamar tuwon da ya kama tukunya. Kuɗin da na kashe ya isa in sayi kuloc sau huɗu. Duk da haka ban koma manuwal ba, don a taɓo na ga amfaninta. In ta fara nutsewa, daga D zuwa R, daga R zuwa D a hankali, tana lilo har ta fito. Sai dai kar a yi da gaggawa, a bar taya ta tsaya kafin a canza.

Baba_Tsohon_Direba: Yara, ku bar ni in ce wani abu. Na fara jan mota da Land Rover, na ja Fijo 404 da 504 akori-kura a hanyoyin da yau ko babur ba zai so bi ba, kuma 504 ɗin nan ba ta da ogzilari ko kaɗan. Abin da ke fitar da mota daga yashi ba sandar giya ba ce, iskar taya ce da idon direba. Mai faci zai cika maka taya har 40 ko 45, ka shiga yashi da ita tauri kamar dutse, dole ta yanka ƙasa ta nutse. Sauke ta zuwa 18, in yashin ya yi laushi sosai har 15, za ka ga tafin tayar ya baje kamar ƙafar raƙumi. Idan ka fito kwalta ka mayar da iskarka, kar ka yi gudu da ita haka, za ta yi zafi ta fashe. Ɗana Abu Khadija, kowacce ka saya, ka sayi famfon iska mai aiki da batir da shebur tun a ranar.

Shofer_Agadas: Baba ya gama magana. Mu nan iskar kilo ɗaya da 'yan kai muke bar wa taya cikin rairayi. Kuma da sanyin safiya ake ƙetare wurin da ya fi laushi, kafin rana ta buɗe.

Abu_Khadija: Allah ya ƙara lafiya Baba. Gaskiya ban taɓa sauke iska ba, duk motar hayar da nake bi sai dai mu sauko mu tura.

DanMambila: Duk yashi kuke ta magana, bari in kawo ta dutse. Duk wanda ya taɓa hawa daga Mayo Selbe zuwa Maisamari, ya wuce Nguroje har Gembu, ya san cewa hawan ba shi ne abin tsoro ba, saukowar ce. Da manuwal ka sa giya ɗaya ko biyu, ka ɗauke ƙafa daga komai, inji ya riƙe motar tana saukowa a hankali. Mai otomatik da ya bar ta a D yana tafe yana taka birki, kafin ya kai ƙasa birkin ya yi zafi ya daina kamawa. Na ga wannan da idona, hayaƙi na fita daga tayoyin gaba, direban ya samu ya jingina ta da jikin dutse, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Har yau tsofaffin Land Rover ne ke ɗauko kaya daga ƙauyukan da ke bayan Gembu, kuma ba otomatik a cikinsu.

Injiniya_Sambo: DanMambila, abin da ka gani laifin direba ne. Ƙarƙashin D akwai 2 akwai L, don gangara aka yi su. Na yarda riƙon da inji ke yi a tsohuwar otomatik bai kai na manuwal ba, amma in ka haɗa L da L4 za ta sauko da kai lafiya. A hawa kuma ita ce gaba: ba ta mutuwa a tsakiyar tudu, ba ka rawar ƙafa uku tsakanin kuloc da birki da totur.

DanMambila: Na yarda da batun hawa. Amma mutum nawa ne cikin masu otomatik suka taɓa taɓa L ɗin nan? Da yawa ba su san ma aikinsa ba. Manuwal tana tilasta maka ka san motarka.

UmmuSudais: Wannan koyarwa ce ta yini ɗaya ai. Ni maigidana ya nuna min L da 2 a hanyar Jos, ban sake mantawa ba. Don Allah a daina mayar da otomatik kamar motar waɗanda ba su iya tuƙi ba.

SarkinTasha_Nguru: Hajiya ba raini ba ne. Ga tambaya ɗaya: batir ya mutu a gona, ko kik ya ƙi. Manuwal a tura ta tashi. Otomatik fa?

Dan_Kofar_Ruwa: Wannan gaskiya ne, otomatik ba ta tashi da turi. Amma Sarki, ka taɓa tura Hilux cikin yashi? Mutum shida ma ba za su ba ta gudun da za ta tashi ba, sai dai in ka yi dabarar ajiye ta a kan gangara. Kuma motocin yanzu ko manuwal ce, in batir ya mutu murus, famfon mai da kwamfutar inji ba za su samu wuta ba. Akwai ƙaramin batirin tayar da mota da ake cajinsa, girmansa bai wuce bulo na sabulu biyu ba, ya sa a aljihun mota. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ja. Kar a ɗaura wa otomatik igiya a ja ta tafiya mai nisa inji a kashe, tayoyi a ƙasa, domin inji ne yake juya famfon man giyar. In dole ne, a kwance farfela, sandar da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyi, tukuna.

Likitan_Dabbobi_Yobe: Ni hanyar da Alhaji yake magana na san ta, aikin rigakafin dabbobi ya kai ni har Tulo-Tulowa da ƙauyukan kan iyaka. Motocin aikinmu manuwal ne, kuma abin da na lura shi ne, kuloc ba ya daɗewa idan direbobi da yawa ke jan mota ɗaya. Sabon direba in ya ji mota za ta kafe sai ya riƙe rabin kuloc yana danna wuta, kana zaune a baya kana jin warin farantin yana ƙonewa. Wanda ya ƙware kuwa tun kafin ya shiga wurin mai laushi ya zaɓi giyarsa, yawanci biyu ko uku a L4, ba zai sake taɓa kuloc ba sai ya fita. To tambayar da zan yi wa Alhaji: kai kaɗai za ka riƙa ja, ko har da yaran gona?

Abu_Khadija: Likita, akwai ƙanena da yake kai wa dabbobi dusa duk mako, shi ma zai riƙa ja. Bai fi shekara biyu da fara tuƙi ba.

Likitan_Dabbobi_Yobe: To ka ga wannan ya ƙara wa otomatik maki a wurina. Amma ka nuna masa wutar nan da ke kamawa a gaban direba, mai rubutun A/T OIL TEMP. In ta kama, ya tsaya ya sa P ya bar inji yana aiki har wutar ta mutu da kanta. Kar ya kashe motar, kar kuma ya ce bari in ƙarasa.

Bello_Mai_Shinkafa: Ba wanda ya taɓo maganar fadamar da ya ce. A ruwa kowacce da nata ciwon. Manuwal in ka taka kuloc a tsakiyar ruwa, laka ta shiga tsakanin faranti, daga baya ya riƙa zamewa ko ya maƙale. Otomatik kuma in ruwa ya shiga ta bututun numfashinta, man ya koma kamar madarar da aka ɗiga wa zoɓo. Ka ga wannan launi, kar ka ƙara ko taku ɗaya, a zubar da man. Ni na sa an ƙara wa bututun tsawo an ɗaure shi sama kusa da batir. Kuma kafin ka shiga kowane ruwa, ka sauko ka taka shi da ƙafa ko ka sa sanda.

Matashi_Damagaram: Tambaya gare ni, wacce ta fi shan mai? Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a 2023 har mu nan mun ji a jikinmu.

Injiniya_Sambo: Tsakanin waɗannan biyun, otomatik mai giya huɗu za ta fi sha, ba shakka, musamman a yashi. Sababbin masu giya shida zuwa sama sun rage wannan tazarar sosai. Ka duba ma inda duniya ta dosa: Land Cruiser 300 da ta fito a 2021 giya goma ce otomatik. Ita kanta Land Cruiser dangin 70 ɗin da Malam Shofer yake ja, wadda ake ƙerawa tun 1984, a 2023 Toyota ta fito da mai injin dizal 2.8 da otomatik mai giya shida. Humvee ta sojan Amurka ma otomatik ce tun asali.

Shofer_Agadas: Injiniya, sojan Amurka in motarsu ta lalace jirgi ke zuwa ya ɗauke su. Ni wa zai zo ya ɗauke ni bayan Dirku? Sabuwar 70 ɗin na ji labarinta. Bari ta yi shekara goma cikin Tenere da gazuwal ɗin da muke saye a durom, sannan mu yi magana.

SarkinTasha_Nguru: Yawwa! Kuma a tuna ranar sayarwa. A yankinmu Hilux manuwal ko ta tsufa 'yan kasuwar ƙauye rububinta suke yi, otomatik sai ka kai ta birni.

UmmuSudais: Amma dai ba don ya sayar zai saya ba, don ya hau ne, kuma mutumin nan ya ce gwiwarsa na ciwo. Awa uku zuwa da dawowa yana taka kuloc, duk mako.

Baba_Tsohon_Direba: 'Yata ta faɗi gaskiya a nan. Ni yanzu in na zauna a ƙasa sai an kama ni nake tashi, kuma ƙafar hagu ce. Ban ce kuloc ne kaɗai ya jawo ba, amma shekara arba'in ina taka shi. Sai dai ɗana, kar ka sayi suna, ka sayi lafiyar mota. Tsakanin biyun nan, wadda aka fi kula da ita ita ce taka. Ka je da makanikenka tun da sassafe kafin su tayar da su, ka ji yadda kowacce ke tashi da sanyi.

Dan_Kofar_Ruwa: Ƙari a kan na Baba. A otomatik ɗin: zare ma'aunin man giya ka goga a farar takarda, ya zama ja, ba baƙi ba, ba wari. Taka birki ka sa D, sannan R, ka ji ko tana shiga nan take ba tare da bugu ba. A manuwal ɗin: ja birkin hannu, sa giya huɗu, saki kuloc a hankali. In inji ya mutu nan da nan, farantin na da rai. In ya ci gaba da aiki, ya gama. Dukansu biyun ka fita da su wajen gari ka gwada H4 da L4 a kan ƙasa, ba a kan kwalta ba, don da yawa ogzilarin ya shekara ba a taɓa shi ba.

Abu_Khadija: Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Da na rubuto zuciyata tana kan manuwal, yanzu kuma maganar Likita da ta Hajiya sun sa na koma tsakiya, ga kuma ta Sarki game da gyara ba ta bar ni ba. Ranar Asabar in sha Allah zan shiga Kano da makanike mu gwada su kamar yadda aka ce. Dan Kofar Ruwa, shi ƙaramin lagireton man giyar, ana samunsa a wajenku, ko sai an yi oda daga kasuwar Ladipo ta Legas?

Dan_Kofar_Ruwa: Ana samu Alhaji, sabo da na Baljiyam. In ka ɗauki otomatik ɗin ka zo da motar a gwada wurin zamansa, kar ka saya a hannu.

DanMambila: Ni dai har yanzu manuwal. In ka tashi kawo shanu Mambila ka zo da ita mu sauka Mayo Selbe tare, sai ka ba mu labari.

Matashi_Damagaram: To wanda ba shi da ogzilari gaba ɗaya fa, irin Hilux ɗin da ƙafar baya kaɗai ke ja? Ita ma sauke iskar zai yi mata aiki a rairayi?

Baba_Tsohon_Direba: Zai yi, ɗana. Ka ɗora mata buhu uku ko huɗu a baya daidai kan tayoyin don su samu nauyi, ka shiga da ɗan gudu, kuma kar ka tsaya sai a wuri mai tauri ko inda hancin motar ke kallon gangara.